Sunayen 'Ya'yana a Bakin Kwamfuta

Ni ne mai kula da sito a kamfanin taya. Tun ana shigar da kaya da biro nake nan. Da aka kawo kwamfuta sai aka ɗora mini kalmomin sirri: ɗaya ta buɗe ta, ɗaya ta shafin kaya, ɗaya ta saƙon ofis. Na yi dabara, na raba musu sunayen 'ya'yana. Mutum dai ba ya manta abin da ya haifa.

Ashe kowacce da lokacin da take neman canji, kuma ba ta karɓar sunan da ta taɓa ci. Na yi ta juya yaran, babban ya bar nan ya koma can, auta ta hau wurinsa, har na daina sanin wa ke gadin ina. Na sha kulle kwamfutar. Manaja ya gaji ya ce, "Baba, ka sake kulle ta, ka kawo mini makullan sito."

Rannan da safe ta sake cewa in canza. Duk sunan da na ba ta sai ta tofar. Ga babbar mota a bakin ƙofa, direba yana ta danna oda. Na kira matar da ke gyaran kwamfutocinmu.

"'Yata, ce mata ta yi haƙuri, yaran sun ƙare."

"Ba ta jin roƙo, Baba. Ƙirƙiro wata."

"In rubuta in liƙa a bango?"

"Ranar za a kore mu tare."

Direba ya leƙo ta taga. "Tsoho, ka koma gida ka ƙaro haihuwa mana, mu ma jira!"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don akwai suna guda da ya rage, na yaron da muka binne yana rarrafe. A gidana ba a faɗarsa, uwarsa ba ta iya ji. Na buga shi, kwamfuta ta haɗiye.

Washegari na zauna a gabanta, kaina ya ɗauke kamar wuta. Na yi shekara da shekaru ina horar da zuciyata ta kauce wa sunan nan, ta kuwa horu. Yatsuna suka buga na babban. Ta ƙi. Na mai bi masa. Ta ƙi. Na auta. Ta kulle. A lokacin ne sunan ya faɗo mini, tangaran, har da fuskarsa.

Ban jira kira ba, na kai makullan da kaina. Manaja bai ko ɗago kai sosai ba.

"Don tsufanka ba zan sallame ka ba. Ka koma gadin ƙofar baya."

Na ce to, kwaɗon ƙofa dai ba ya tambayar mutum suna. Na zagaya baya. An cire kwaɗon. A jikin ƙofar an kafa wani ɗan akwati mai maɓallan lambobi, jar fitilarsa tana ƙiftawa.

Mai gadin da na tarar a wurin ya miƙo mini kujerarsa ya ce, "Duk wata ake canza lambar sirrin."