Gora Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin ina gyaran lagireto, kuma abu ɗaya na sani kamar sunana: injin da ya yi zafi ruwa yake so. In ka zuba ya yi yawa, sai ya zubar da sauran ta ɗan bututu, babu abin da zai lalace. Da wannan ilimin nawa na raka ƙanena tsere.

Auta muke ce masa har ya yi gemu. Tela ne, amma ƙafafunsa sun ƙi zama a gindin keken ɗinki. Kullum da safe sai ya zagaye gari a guje, ni kuma in leƙo daga gareji in tambaye shi wa ya biyo shi. Bai taɓa cin kowa ba, burinsa kawai ya gama kilomita arba'in da biyu. Bara ya gwada, ya zube a ta talatin, leɓe a bushe, aka ce ƙishirwa ce. Tun ranar Inna ta sa ni gaba.

"Kai ne babba," ta ce. "Tunda ya nace, to kada ka bar mini yaro da ƙishi."

Bana sai na ɗaure katan ɗin ruwa a bayan babur. Kafin a tashi, masu shirya tseren sun auna kowa, suka rubuta nauyinsa a lambar da ke ƙirjinsa. Na Auta kilo sittin da ɗaya. Aka busa usur, ni kuma na yi ta yanke ta lunguna ina tare shi a gaba da gora a buɗe.

Karo na biyar da na tare shi, ya ɗaga mini hannu. "Yaya, ba na jin ƙishi."

"Sha, ja'iri! Inji ba ya cewa yana jin ƙishi, sai dai ka ga hayaƙi."

Ya yi dariya ya shanye. Auta bai taɓa yi mini musu ba.

Wajen kilomita ashirin da biyar ya ce agogonsa ya matse shi, cikinsa kuma na ta ƙugi. A talatin da biyar ya riƙe kai, ya yi amai a bakin kwalta. Na ce a raina zafi ne ya yi yawa, na ɗura masa biyu a jere.

Ya gama. Awa biyar da 'yan kai, amma ya gama, aka rataya masa lambar yabo, ni kuwa har da ihuna kamar ni na yi gudun. Ya zauna a ƙasa, ya dube ni tsaf.

"Malam," ya ce, "don Allah ka ga yayana?"

Daga nan jikinsa ya fara fizga.

A asibiti, wata likita 'yar siririya ta same ni a baranda, lambar ƙirjinsa a hannunta. Ta ce sun auna shi, kilo sittin da biyar. Ta tambaye ni me ya sha.

"Ruwa zalla, likita. Gora goma sha huɗu, da hannuna na ba shi." Wallahi da alfahari na faɗa.

Ta ce in zauna. Ta yi mini bayani a hankali, cewa a dogon gudu gumi yana fita da gishirin jiki, ƙoda kuma takan riƙe ruwa ta ƙi saki. In aka yi ta zuba ruwa zalla, gishirin jini sai ya tsinke, ruwan ya shige ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa.

"In ya yi yawa ba ya fita da kansa?" na ce.

"Nasa bai fita ba," ta ce.

Kafin rana ta faɗi Auta ya cika. Ban taɓa tsanar hannuwana irin ranar ba.

Kwana uku bayan haka, falonmu cike da masu gaisuwa, Inna na zaune lambar yabon a cinyarta. Da na shigo ta kama hannuna ta nuna ni ga jama'a.

"Kun ga wannan? Tun farko har ƙarshe yana bin ɗan'uwansa da ruwa. Allah ya yi maka albarka. Ko ba komai, ɗana bai tafi da ƙishi ba."

Na buɗe baki zan faɗa mata. Ta ƙara matse hannuna, tana kallona da jajayen idanu.

"Amin, Inna," na ce.