Hutun Lambun Mista Ardley

A Aberdeen, idan ƙaramin ma'aikaci ya yi ɓarna sai a ce ya kwashe komatsansa. Idan babba ne kuwa, sai a ba shi abin da suke kira hutun lambu: ya zauna a gida, albashi na shiga, kada ya taka ofis, kada ya buɗe baki kan harkar kamfani, wai ya je ya kula da furanninsa. Ni Morag dariya abin yake ba ni da, sai da na ga yadda ya cuci mijina.

Mijina Fergus shi ke kula da bututun gas a wata rijiyar mai da ke tsakiyar teku. Ran da Crispin Ardley, shugaban sashen haƙa, ya kai ziyara can, Fergus ya ja shi gefe, ya nuna masa bututun da tsatsa ta cinye, ya ce a tsayar da aiki a gyara. Ardley ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bari sanyi ya wuce, abokina, yanzu gas ke kasuwa." Daga shi sai Fergus a wurin, babu wani shaida. Sanyi bai wuce ba bututun ya fashe, wuta ta ci hannuwan Fergus duka biyu. Kamfani kuma ya murje ido ya ce sakacinsa ne, bai gaya wa kowa ba. In kwamitin bincike ya yarda da haka, shi ke nan, sunan mijina ya zama mutumin da ya kusa ƙone abokan aikinsa.

Ardley ɗin nan kowa ya san tarihinsa. Ya riƙe tashar kwal, ta durƙushe, aka ƙara masa girma. Ya koma kamfanin lantarki, tsofaffi suka yi ta makyarkyata a gidajensu, aka rataya masa lambar yabo. Duk inda ya ɓata, sama ake cilla shi. Wannan karon ma, bayan gobarar, hutun lambu aka ba shi. Tir!

Na hau bas har ƙauyen da yake. Kun san me na tarar? Lambun yake yi da gaske! Ga shi nan da takalman roba, da safar hannu ta fata, yana yi wa furanni aski.

"Yallaɓai, ni ce matar Fergus Rennie."

"Ayya, uwargida! Za ki sha shayi?"

"Ba shayi ya kawo ni ba. Kalma ɗaya nake roƙo. Ka je gaban kwamiti ka ce ya gaya maka."

Ya yi murmushin nan nasu na mutanen Landan, wanda ba ya kaiwa ido. "Wallahi abin ya taɓa ni. Amma kin ga hutun lambu nake, an ɗaure mini baki."

"Yaushe za a kwance maka?"

"Ƙarshen wata."

"Kwamiti fa kafin nan zai tashi."

"Kai, dubi rashin sa'a!" in ji shi, yana kaɗa kai. Wai daga nan ma zai koma shugabancin wani kamfanin lantarkin iska, inda, a cewarsa, lafiyar ma'aikaci ce gaba da komai.

Na juya zan tafi, sai ya biyo ni da ɗan kwando cike da koren wake a cikin kwasfarsa.

"Kai wa Fergus. Ya zauna ya ɓare da kansa, aikin hannu na kwantar da hankali."

Na tsaya ina kallonsa. Ba izgili yake yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mutumin nan ko tambaya bai taɓa yi ba, ina ne wutar ta ci.

A asibiti Fergus na ganina ya yunƙura ya tashi zaune.

"Morag, ya aka yi? Zai zo?"

Na ajiye masa kwandon a cinya, tsakanin dungulmin hannuwansa da ke naɗe da bandeji.

"Mene ne wannan?"

"Amsarsa ce," na ce. "Ya ce ka ɓare da kanka."