Shaidar Inna

Sai a karo na uku Inna ta iya ɗaga ƙafarta ta haye babur. Ɗanta Ishaq ya riƙe kan mashin da hannu ɗaya, ya tallafe ta da ɗayan, ita kuwa tana ta faɗan wai ya bar riƙe ta kamar mara lafiya.

"Ku dai bi a hankali," in ji Sahura, matar Ishaq, daga bakin zaure. "Ka gaishe min da alƙalin Gusau. Ka ce mashi firinjinmu na gaishe shi."

Sati biyu ke nan tana yi masa wannan tsiya.

Firinjin mai amfani da hasken rana ne. Ishaq ya karɓo shi a shagon Zayyad da ke kasuwar Gummi, a kan zai biya cikin wata goma, don Sahura ta riƙa sayar da zoɓo mai sanyi. Sun biya tsaf. Amma biyan wata biyu Zayyad da kansa ya zo gida ya karɓa lokacin Ishaq yana wajen kabu-kabu, Inna ce ta ƙirga masa a hannu, bai kuwa ba da rasit ba. Daga baya ya ce bai san zancen ba, ya turo aka ɗauke firinjin da rana tsaka, maƙwabta suna kallo. Wannan kallon ne ya tsaya wa Ishaq a rai. Ya yi alkawarin sai ya kai Zayyad Babbar Kotu a Gusau, inda lauyoyi ke sa baƙar riga, don gari ya san ba a taɓa shi a kwana lafiya. Sahura dai firinjinta take so kafin azumi, ko da a gindin bishiya za a yanke hukuncin.

A hanyar tasha ya tsaya wajen Malam Lirwanu, tsohon magatakardan kotu wanda yanzu yake rubuta wa mutane takardun ƙara a rumfa. Tsohon ya gaida Inna, sannan ya miƙa wa Ishaq takardar da zai kai wa lauya.

"Na rubuta, tunda ka matsa," ya ce. "Amma maganar firinji guda ta, Ishaq. Ga ƙaramar kotu nan bayan asibiti, ba ta buƙatar lauya. In hukuncin bai yi maka ba, ka ɗaukaka ƙara. Can kuwa yau lauya za shi ji shaidarka, sannan a sa rana, a ɗaga, a sake ɗagawa. Kana iya zuwa sau goma."

"Ko sau ashirin ne, Malam, ni za ni."

"Kai za ka. Shaidar taka hwa?"

"Ina abin ya ke?" Inna ta karɓe. "Da ƙahwa nit tahi Anka ina yarinya."

A tasha motar Gusau saura mutum huɗu ta cika. Rana ta fara zafi. Ishaq ya zaunar da Inna a benci, ya sayo ruwan leda ya miƙa mata. Ta kau da kai.

"Sha mana, Inna."

"Aje shi."

"Ko azumi kike?"

"Wane azumi? Ni dai ban sha." Ta yi ƙasa da murya don kada na kusa su ji. "Tun assalatu ban sa ruwa bakina ba. Hanyag ga da nisa, kuma direbobi ba su son tsayawa daji. In nis sha, sai in ce a tsaya min, in ba ka kunya cikin mutane. Mu isa dai tukuna."

Ishaq ya dubi leɓɓanta, sun bushe sun yi fari. Ya tuna kokon kunun da ta ture da safe tana cewa bai ji tsamiya ba. Sau goma, in ji Malam Lirwanu. Kunya ta kama shi, da tausayin tsohuwar nan da ta shirya wuni da ƙishi don kawai ɗanta ya huce haushi.

Kwandasta ya ƙwala kira, saura mutum biyu.

Ishaq ya ninke takardar ya tura aljihu. Ya fasa ledar da haƙori, ya durƙusa gabanta.

"Sha, Inna. Ba mu zuwa Gusau."

"To ina za mu?"

"Bayan asibiti."

Ta dube shi da kyau, sannan ta karɓa ta shanye tas, har ruwan yana zuba a mayafinta. Ta goge baki da bayan hannu.

"Sahura za ta yi maka dariya," ta ce.

"Na sani."

"To, ƙaro min guda. Ina da magana da yawa gaban alƙali."