Dokin Magagi a Kan Teburin Kumandan

Tun ranar da gardi, dogarin bariki, ya tsaya bakin rumfarmu yana juya wani kuben wuƙa a hannunsa, yana tambayar wa ya zana shi, na san aikin da ya zo da shi ba zai bar gidana yadda ya same shi ba. Na ce masa ni ne. Ya dubi siririn zanen da ke jikin fatar, ya dubi idanuna, ya yi dariya.

"Tsoho, wanga zane ba idonka ya yi shi ba. Ina yaron?"

Manzo ya ajiye basilla ya miƙe tun ban ce komai ba. Ɗana ne na biyu, saurayi da ya isa aure, kuma duk dukawan kasuwar Filinge sun san ya fi ni hannu. Ni Albarka ban taɓa jin haushin haka ba. Gardin ya sa shi gaba suka hau zuwa bariki. Da na koma gida na gaya wa uwarsa Dijatu, ta tsaya da taɓarya a hannu.

"Kana zaune sunka tahi da shi?"

"Ba kama shi anka yi ba. Aiki na."

"Aikin mi?"

Ban sani ba a lokacin. Sai la'asar ya dawo, fuskarsa cike da murna, ya ba mu labari. Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, yana da wasu ƴan sojoji na dalma, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, wasu a ƙasa wasu bisa dawaki. Da su yake wasan yaƙi a kan babban tebur shi da wani Nasara abokinsa. Shekarun nan ana yaƙi a ƙasarsu, kaya sun daina zuwa, fentinsa ya ƙare. Kuma ya gaji da yaƙin Nasara da Nasara. Yana son a mai da rabin sojojin su zama mahayan ƙasar nan, a gina masa ƙasarmu Kurfai a kan teburin, da dutsenta da rijiyoyinta.

Dijatu ta ce, "Ƙato da gemu yana wasan ƴar tsana." Ta ci gaba da dakanta.

Ni abin bai ba ni dariya ba. Amma wa zai ce wa bariki a'a?

Manzo ya shiga aikin kamar wanda aka yi wa asiri. Rininmu na fata ba ya kama dalma, sai ya gano in ya dama ƙaro da farar ƙasa ya shafa ya bushe, jan karan dafi yana zama, baƙin kuloko ma haka. Da magagari yake goge hular sojan, ya naɗa masa zare ya zama rawani. Ragowar fata da muke zubarwa ita ce garkuwa, ƙayar aduwa ita ce mashi. Gashin wutsiyar akuya ya ɗaure a tsinke, da shi yake shafa launi. Dutsen da ke bayan gari ya gina shi da ƙasar suri, ya zuba yashin kwari a gindinsa, ya dasa ƴan itatuwa na tsinken sabara. Da safe yake tafiya, ya dawo ido ja-wur, yatsu kala-kala.

A sana'armu akwai abin da ake koya wa yaro tun kafin ya riƙe wuƙa. Baduku ba ya ɗinka abu don kowa-da-kowa. Linzami na wani doki ne, kube na wata wuƙa ne, sai ka ga mai abu ka auna kafin ka yanka fata. Haka ubana ya koya mini, haka Manzo ya tashi. Saboda haka da aka ce ya yi mahaya, hannunsa bai san yadda ake yin mahayi wanda ba kowa ba ne. Duk wanda ya ɗauka sai ya tuna wani. Wannan ya ba shi jan rawanin wane, wancan ya sa masa tabon wane a kumatu, ya ba kowa dokinsa da kayan dokinsa kamar yadda ya gan su. Ban san haka yake yi ba sai ranar da na kai masa tukunyar kuloko da kaina.

Aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi. Na ga ƙasarmu kwance a kan tebur, har hanyar da ke gangarawa Tondikandiya. Kumandan da abokinsa suna jefa wani ɗan ƙashi mai ɗigo-ɗigo, su duba, su auna da igiya, su tura soja gaba. In ƙashin ya ba ɗaya nasara sai ya sa yatsa ya kwantar da mahayi. Na matsa kusa na duba. Duk mahayan nan na san su. Ga Haruna mai gishiri da kafaɗarsa guda a karkace. Ga limamin unguwarmu. Gaba da su duka ga Magagi, abokina tun muna kiwon awaki, bisa dokinsa akawali mai farar ƙafa ɗaya, da linzami kore.

A shekarar nan Nasara sun bi gida-gida suna karɓar dawaki don yaƙinsu. Magagi ya ce nasa ya mutu da kaka, alhali ya kai shi wurin dangin matarsa a Tondikandiya ya ɓoye. Bayan kakar ne ya ba mu aikin sabon linzami, ni na aiki Manzo can ya auno kan dokin.

Kumandan ya ga ina kallo, ya ɗauki dokin ya ɗaga shi wajen haske yana murmushi, yana buga kafaɗar Manzo. Idi mai fassara yana tsaye bayansa. Ya daɗe yana duban ɗan dokin, sannan ya sunkuya ya yi doguwar magana da Faransanci. Ba na jin harshen, amma na ji sunan Magagi a ciki. Murmushin Kumandan ya tafi.

Idi ya juyo gare ni. "Baduku, Kumandan na tambaya. Wanga koren linzami, ba shi na gani rataye rumfarku bayan kaka ba?"

Na ce, "Linzami da yawa muke ɗinkawa."

"Kore da jan baki, guda na gani. Ko matattun dawaki kuke yi ma linzami yanzu? In haka na, ku yi ma jakin kakana, ya daɗe ƙasa ba kaya."

Gardin da ke bakin ƙofa ya fashe da dariya. Manzo ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Amma shirun namu ma amsa ne.

Ranar Lahadi, kasuwa na tsakar ci, gardawa suka shigo da akawalin Magagi, linzamin nan a kansa, Magagi a ɗaure da igiya yana bin bayansa a ƙasa. Da gangan suka ratsa ta layin dukawa. Aka yi masa bulala a ƙofar bariki, aka sa shi ɗaukar dutse tare da ƴan kaso.

Kafin kasuwa ta watse kowa ya ji ta yadda aka gane. Kukun bariki ya ba da labarin teburin, ya ƙara gishiri. Mata suka ce duk wanda Nasara ya kwantar da siffarsa da yatsa sai ya kwanta ciwo, suka lissafa waɗanda zazzaɓi ya kama. Dijatu ta je rijiya, matan da ke wurin suka janye gugansu suka tsaya gefe har ta gama, ba wadda ta kama mata tulu. Wanda ya ba mu aikin takalmi ya aiko a karɓo fatarsa ba a ɗinka ba. A masallaci sahun da na tsaya ya yi gibi dama da hagu.

Wata safiya ƴan kaso suka wuce ta gaban rumfa, kowa da dutse a kai. Magagi yana cikinsu, bayansa duk sawun bulala. Na miƙe na ce, "Magagi, ka saurare ni."

Ya tsaya, bai sauke dutsen ba. "Albarka, gidana na buɗe ma ɗanka. Matata ta dama mishi hura. Ashe ido ya kai ya ɗebo ya kai ma Nasara."

"Wallahi bai hwaɗi ma kowa ba."

"Ya hwaɗi da hannu. Da bakin ya yi da na ce tsoro na." Ya tofa yawu a kan fatar da na shanya. Gardi ya tura shi gaba.

Ran nan da azahar Haruna mai gishiri ya zo da maza a bayansa, suka tsaya suka tare hasken rumfa. Ba wanda ya yi sallama. Haruna bai dube ni ba, Manzo ya duba.

"Kai, mai hannun kirki. Ni ma ina cikin mahayan teburin?"

Manzo ya sunkuyar da kai. "Kana ciki, Baba Haruna."

"Kar ka ce min baba. Da mi ka yi ni?"

"Da bindigarka."

Wani daga baya ya yi salati. An hana riƙe bindiga tun tuni, ta Haruna tana binne ƙarƙashin rumbu, mu muka ɗinka mata gida. Sai kowa ya shiga tambaya lokaci ɗaya. Wannan yana da doki a daji. Wancan an yi shi tare da ɗansa, wanda ya ce wa masu ɗibar soja ya tafi fatauci. Manzo yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na raguwa.

Haruna ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai ta yaron. "Ka ji ni da kyau. Ranar da gardi ya taka ƙohwar gidana, ba bariki zan tahi neman hakkina ba. Nan zan zo." Ya miƙe ya dube ni. "Kai kuma da ka haihe shi, ka san inda za ka sa shi."

Da suka tafi na ce wa Manzo ya yi haƙuri ya lafa. Nasara yana gajiya da abin wasa, wata rana zai zuba su a akwati ya manta.

"Kumandan na gajiya, Baba. Idi ba ya gajiya. Kullum sai ya tsaya bakin teburin yana kallonsu guda-guda."

"To mi za ka yi?"

"Ni na yi su."

Na gane abin da yake nufi, na kama hannunsa. Na ce kayan Kumandan ne, daga ƙasarsu ya zo da su, wanda ya taɓa su ba bulala kaɗai zai sha ba. Na ce mu tafi wurin liman ya shiga tsakani. Ya tuna mini liman ma yana kan teburin. Na ce to ya bari in je ni, tsoho ne, me za su yi da ni. Ya ce ba za a bar ni in wuce ƙofa ba, shi kuwa gardawa sun saba ganinsa da tukunya da garwashi. Na yi ta magana har murya ta dushe. Da na gama ya tashi ya shiga ɗaki.

Da Kumandan ya fita rangadi wajen Tabla, Idi na biye da shi, Manzo ya tashi da safe ya tafi aiki kamar kullum. Ban hana shi ba, don na san ko na kwanta a bakin ƙofa zai tsallake. Na zauna a rumfa da fata a cinya, ban yi ɗinki ko ɗaya ba.

Da rana ta take tsaka ya shigo gida ta baya. Hannunsa na dama ya ƙone, fatar yatsu ta tashi. Ya ce ya zuba mahayan duka a tukunyar da yake dafa ƙaro, ya hura wuta har suka zama ruwa, ya juye a rami ya rufe. Sojojin Nasara bai taɓa su ba. Dijatu ta shafa masa man shanu ta naɗe hannun da tsumma, ba ta yi kuka ba sai da ta ga ya ɗauki salka. Akwai makiyaya da suka sayar da dabbobi suna komawa arewa wajen Sanam, ya ce zai bi su. Ya durƙusa gabana.

"Baba, ka yahe min."

Na ce Allah ya tsare. Abin da ya fito ke nan daga bakina.

Da Kumandan ya dawo gardawa suka zo. Suka watsa rumfa, suka fasa tukwanen rini, suka kai ni bariki. Na sha duka, na ce ban san inda ya nufa ba, suka gaji suka sake ni. Na ɗauka gari zai huce. Na gamu da Haruna a bakin masallaci na gaya masa abin da yaron ya yi, na ce yanzu ba siffar kowa a kan teburin.

Ya ce, "Kai ka ce. Wa ya gani? Ƙila sunayenmu ya ba su kahin ya gudu."

Magagi ya fito daga kaso da damina, ba doki, bayansa bai ƙara miƙewa daidai ba. In muka haɗu a hanya sai ya sauya gefe. Aiki ya ɗan dawo, yawanci daga baƙin ƙauye da ba su san labarin ba.

Duk wanda ya zo daga arewa ina tambayarsa. Wani ya ce ya ga saurayi mai naɗaɗɗen hannu a bakin rijiyar Sanam. Wani ya ce masu ɗibar soja sun kama samari a hanyar a watan nan, an wuce da su yamma. Makiyayan da ya ce zai bi ba su sake zuwa kasuwarmu ba. Tun daga ranar ba a ƙara kama kowa a Filinge ta dalilin teburin nan ba. Ban sani ba ko labarin haka ya kai wa Manzo, ban kuma sani ba ko yana raye.