Bindigar da Aka Tono

Tun da Baltasar ya ji warin kitsen alade a jikin bindigar Ovidio ya san yau ba za a watse lafiya ba.

Duk ɗan ƙauyen ya san warin nan. Da aka yi sulhu bayan yaƙi, kowane gida ya miƙa bindiga ɗaya, ya shafe ɗayar da kitse, ya naɗe ta da robar taya, ya binne a gonar masara da harsashinta a ciki. Bindigogin baƙin da suka zo ɗaukar fim kuwa warin fenti suke yi.

Fim ɗin na yaƙin ne: maharba biyu na farautar juna a kan mace. Efraín, ɗan Baltasar, shi aka ɗora a hasumiyar coci, Ovidio a rufin kanti. Baƙin ba su san cewa Yesenia, wadda Ovidio ya daɗe yana nema, yanzu Efraín take kai wa abinci ba.

Baltasar ya tare Ovidio a gindin tsani. "Ovidio, ɗana, ina wadda suka ba ka?"

"Ta robar? Haba, Baba Baltasar. Darakta ya ce ta babana ta fi kyau a hoto."

"Buɗe ta in gani."

"An duba." Ya yi murmushi, ya kama tsani. "Ango kake ji wa tsoro? Ai dama shi zai mutu a labarin."

Baltasar ya nufi darakta, hula a hannu. Mutumin ko ɗagowa bai yi ba. "Baba, koma bayan igiya, rana na ƙwace mana."

"Efraín! Sauko!"

"Baba, kana ɓata musu aiki!" in ji yaron daga sama, yana dariya.

Wata tsohuwa ta ja rigarsa. "Zauna, maƙwabci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura."

Aka ce a yi shiru. Bakin bindigar ya leƙo daga rufin kanti, ya tsaya cak.

Ƙarar harbin ta tashi tattabarun dandalin. Efraín ya dafe ƙirji, ya faɗa bayan ƙararrawa, kamar yadda aka koya masa. Jama'a suka ɓarke da tafi, har da Yesenia.

Baltasar ya tsallake igiya ya shige hasumiyar, yana haki, yana kiran sunan ɗansa. Ba a amsa ba. Amma an gargaɗi yaron kada ya motsa sai darakta ya yi magana, kuma darakta bai yi ba tukuna.

Yana cikin hawa, bai san wace irin faɗuwa ɗansa ya yi ba.