Bangon da Mahamman Ya Liƙa

Ƙin tambaya shi ne laifin da zan yi magana a kai, musamman ƙin tambayar wanda ka haifa.

A shekarun da man fetur ya cika Libreville da sababbin motoci, maƙwabcina Mahamman, mutumin Tasawa, yana da tebur a Akébé, yana sayar da alli da biro. Ranar nan ya dawo daga tashar jirgin ruwa ta Owendo da kwali guda na littattafan yara: tsofaffin labaran Faransanci da aka gajarta, kowane shafi da zane mai launi. Shugabar wani lakwal, wato makarantar boko, a Plaine Orety ta ce za ta ɗauki arba'in don kyautar ƙarshen shekara, in ta ji daɗinsu kuma duk shekara wurinsa za ta saya.

Sai dai damshin tashar jirgi ya ci bangayen. Mahamman ya yanko kwali mai kauri, ya samo gam na kafintoci, ya yanke hoton kowane tsohon bango don ya liƙa a sabo. Karatunsa irin nawa ne, na allo, littafi daga dama muke buɗe shi. Ta can ya liƙa hotunan.

'Yarsa Hadidja, mai shekara goma sha ɗaya, ta dawo daga lakwal ta tsaya a kansa.

"Baba, ta nan labarin yake ƙarewa."

"Ke da kika fara riƙe littafi jiya? Je ki taya uwarki tsintar shinkafa."

Na ce masa, "Mahamman, ka bari yarinyar ta duba ɗaya."

"Malam Adda, ai hoto ba ya ƙarya. Ga yaro a gida da uwarsa, ga shi a tsibiri, ga jirgi ya fashe. Tiryan-tiryan."

"To, jirgin ya fashe bayan yaron ya sauka a tsibirin ke nan?"

Ya ci gaba da shafa gam.

Ran Litinin muka shiga taksi tare zuwa lakwal ɗin. Shugabar ta ɗauki na sama, ta buɗe ta wajen hoto, sai ga yaron ya riga ya dawo gida lafiya. Ta buɗe na biyu, an riga an kama ɓarawo. Ta gwada ɓamɓare bangon, shafi uku suka biyo shi. Cikin ladabi ta mayar masa da kwalinsa.

Yaran layinmu su suka ci riba. Kullum bayan la'asar Hadidja takan juya littafi ta inda ya dace, ta karanta, ta fassara mana da Hausa. Ni ma na ji yadda yaron nan ya fita daga tsibirin, kuma na ji daɗi. Mahamman yakan zauna daga gefe, wai gyaran tebur yake yi.

Abin da ya rasa shi ne littafi arba'in, gwangwanin gam biyu, kwana tara na aiki, da cinikin lakwal, wanda ya koma hannun Hamadou mutumin Garwa shekara goma sha biyu.