Jirgin da Ɗalhatu Ya Bari

Dogara mutum ne da ya tsani wasan waya kamar ciwon haƙori. A ɗakinsu na unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha, inda masu gadi 'yan Arewa ke kwana a gadaje masu hawa biyu, shi ne mai yi wa Ɗalhatu tsiya kullum.

"Ƙato da kai, da gemu da iyali, kana tuƙa jirgin ƙarya a cikin taurari?"

Ɗalhatu sai dai ya yi dariya ya ce, "Malam Dogara, mutane na ɗauko, dole in kai su."

Wasan labarin wata duniya ce da ta ƙone, aka kwashe mutanenta a jirgi guda ana nema musu sabuwa. Mai wasa shi ne kyaftin, shi kuma ke raɗa wa ma'aikatan jirgin suna. Ɗalhatu ya sa wa kyaftin sunansa, ya sa wa likita sunan matarsa Haulat, matuƙi kuma sunan ɗansa Umar Faruq. Akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai gyaran inji, wanda ba ya buɗe baki sai don mita. Wannan shi ne Dogara, kuma duk ɗakin sun yarda sunan ya dace.

Sai korona ta shigo. Wata safiya motar asibiti ta ɗauki Ɗalhatu da zazzaɓi, ya bar wayarsa a caji, bai dawo ba. A nan Doha aka binne shi. Da aka buɗe tashin jirage Dogara ya aika wa Haulat jakarsa, amma ta ce ya riƙe wayar tukuna, yaron bai isa riƙon waya ba.

Kewa ce ta sa ya buɗe wasan wata ranar Juma'a, ba sha'awa ba. Ya tarar da jirgin tsaye cak a tsakiyar duhu, mai ya kusa ƙarewa, ga mutum-mutumin nan yana ta ƙorafi. Dogara ya ji ransa ya ɓaci ƙwarai, kamar ya ga motar abokinsa an yasar a bakin titi da fasinja a ciki. Daga ranar mai zagin wasa ya koma ɗalibinsa. Da yatsunsa masu kauri ya koyi haƙo ma'adinai a duwatsun sama, ya koyi ciniki da halittu masu ido uku, yana taya su da tsaki kamar a Kantin Kwari. 'Yan ɗaki suka yi masa dariya har suka gaji.

Ana dab da fara gasar cin kofin duniya Haulat ta kira. Umar Faruq ya shiga sakandare, ta ce a ba duk mai dawowa gida wayar.

"Amma don Allah, Yaya Dogara, a goge wasannin ciki," in ji ta. "Karatu nake so ya yi."

Dogara ba ya yi wa amana kwaskwarima. An ce a goge, za a goge. Ya kai wayar wajen mai gyara a unguwa ko za a mayar da wasan cikin tasa wayar, mai gyara ya duba ya ce ba hali, marigayin bai taɓa yin rajista ba, duk tafiyar a cikin wannan wayar take. Ismail, ɗan ɗakinsu direba, zai tafi gida da zarar an gama gasa. Ke nan kafin ranar sai jirgi ya sauka, ko kuma ya ɓace da mutanensa.

Ga kuma aiki ya ninka. An kai su ƙofar tashar jirgin ƙasa suna nuna wa 'yan kallo hanya, a tsaye wuni guda, waya kuwa haramun ce a bakin aiki. A bas ɗin kamfani yake wasa, tafiya da dawowa, duniya na ihun ƙwallo shi yana fama da ƙofar ƙarshe ta wasan. Ƙofar nan ba ta tsayawa a buɗe sai an bar mutum ɗaya a baya ya riƙe ta. Dogara ya ƙi. Ya ƙara wa jirgi sulke, ya ƙara gudu, ya kutsa da kowa da kowa, kullum ƙofa ta datse su. Taurin kansa ya fi na ƙofar, amma ƙofar ba ta gajiya.

Ranar tafiya ya raka Ismail filin jirgin Hamad da hantsi. Ya zauna a kujerar ƙarfe da waya a hannu, Ismail na tsaye a kansa da fasfo.

"Yalla, yi sauri Malam, layi na tafiya."

"Dakata mini."

Ya sake kutsawa, aka sake datse shi. Sai ya yi ƙwafa ya zaɓi mutum-mutumin. Wannan ai mai sauƙi ne, a bar Dogara, dama ya ishi kowa da mita. Wasan ya ƙi karɓa, wai ƙarfinsa bai kai ba.

Ismail ya leƙo ya karanta rubutun da ke ƙasa. Ya sassauta murya. "Kyaftin ne kawai ke da mabuɗin ƙofar, Malam. Ka daɗe da sani."

Ya sani. Tun farkon gasa ya karanta, ya kau da kai. Ya dubi ɗan hoton mai hular kyaftin, ya tuna ya taɓa tsayawa yana kallo an fita da Ɗalhatu bai iya komai ba. Yanzu kuma da yatsansa ake so ya yi.

Ya yi bisimilla ya danna.

Kyaftin ya sauka shi kaɗai ya riƙe ƙofa. Jirgi ya wuce, ya keta wani farin haske, ya sauka a wata ƙasa mai ciyawa da ruwa. Aka fara jero waɗanda suka tsira: Haulat, Umar Faruq, Dogara.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dafe alamar wasan har ta yi rawa, ya goge, ya share gilashin da bakin rigarsa ya miƙa wa Ismail da hannu biyu.

"Ka ce wa Haulat an goge," ya ce. "Ka ce wa yaron babansa ya kai su lafiya."